Kofin Da Babu Suga

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Yau Nwakaego ta kwance mini zani a kasuwa, kuma da sunan addu'a ta yi.

Bari in rubuta tun da zafinsa, kada gobe zuciyata ta fara nema mata uzuri. A taron Zumuntar Mata ne, da la'asar. An gama waƙa, shugaba ta ce a kawo batutuwan addu'a. Aka kawo irin na kullum: mai jinya, mai ɗan da zai rubuta jarrabawa, mai neman haihuwa. Sai ta miƙe daga gefena, ta gyara ɗankwali, ta ce:

"Mu ɗaga wata 'yar'uwa a gaban Ubangiji. Ba zan faɗi sunanta ba. Tun da maigidanta ya koma gida bara, bakinta ya kasa addu'a. Kuma hannunta ne yake taɓa kayan Jibi."

Wai ba za ta faɗi suna ba. Mu biyu muka binne miji bara a cocin nan, ɗayar tana Kaltungo wurin 'yarta. Mai haɗa gurasa da zoɓon Jibin Ubangiji da ake rabawa duk wata a sujadar Hausa kuwa ni kaɗai ce, shekara goma sha huɗu ke nan. Da cewa ta yi Briskila matar Elias kafinta, da ta rage wa mutane aikin tunani.

Aka ce a runtse ido. Na runtse, amma ina jin idanun mata arba'in a ƙeyata. Wata ta ɗaga murya tana roƙon Allah ya kori ruhun shakka daga jikin baiwarsa. Ni ce baiwar. Na zauna har aka ce amin don kada a ce na gudu, sannan na tari Keke ni kaɗai na dawo unguwarmu, Malam Inna.

Nwakaego kaɗai na gaya wa. A kan tabarmar nan, watan Satumba. Shekara goma sha ɗaya muna durƙusawa tare duk ranar Litinin, ita da Hausarta ta kasuwa, ni da tawa ta Billiri. Na ce mata tun ranar da Elias ya cika, bayan kwana ashirin da ɗaya ina azumi a kansa, in na buɗe baki zan yi addu'a sai in ji da silin nake magana. Na ce ta riƙe mini. Ta dafa ƙirji ta ce daga ita sai Allah.

Ban san akwai mata arba'in a cikin alkawarin ba.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ta kira sau bakwai. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na je sujada. In ban je ba za a ce maganar ta tabbata.

Gaisuwa ma ta canza. Da can "Ina kwana Mama" ne a wuce. Yanzu sai a kama hannuna da hannu biyu, a karkatar da kai, a ce yaya ƙarfin zuciya. Wata da ko bikin 'yarta ba ta gayyace ni ba ta cusa mini takarda a jaka, ta rubuto mini wuraren da zan karanta safe da yamma. Ni da na koyar da ita a ajin yara.

Ban zauna a bencinmu na uku ba. Na koma can baya kusa da taga. Nwakaego ta waiwayo sau uku, na ƙirga, duk da idona yana kan bagadi.

Laraba, 22 ga Janairu

Nwakaego ta rufe shago ta zo da rana tsaka. Na ji sallamarta na ja labule.

"Maman Nehemiah, ni ce Maman Olaedo." Kamar akwai wata mai wannan muryar a duk Gombe.

Na ce ina kwance. Ta ce ba kare kanta ta zo yi ba, minti biyar kawai take so. Na ce ta je, in ana bukatarta za a neme ta. Da bakina na faɗi haka, ga matar da ta yi wa mijina wankan jinya tare da ni.

Daga baya maƙwabciyata Saudatu ta leƙo ta katanga ta ce baƙuwata ta fi rabin awa a tsaye cikin rana kafin ta tafi. Na ce ai ba ni na aike ta ba. Saudatu ta dube ni kawai ta koma kan wankinta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gobe Jibi. Na dafa zoɓo.

Wannan aikin dai ba a bukatar addu'a kafin a iya shi. Zoɓon Jibi ba na sayarwa ba ne, babu citta, babu kanumfari, babu abarba. A wanke sau uku, a dafa, a tace da farin ƙyalle sau biyu har ya fito garau. Kofuna ɗari biyu, kowanne bai fi babban yatsa ba. Farantan katako biyar, kowanne rami arba'in. Elias ne ya sassaƙa su, ya ƙi karɓar ko sisi, har yanzu in na shafa gefensu ina jin wurin da ya goge da hannunsa.

Kafin in zuba suga sai na ga ludayi a hannuna, har na riga na ɗebi na Nwakaego na ajiye gefe. Sabo ne kawai.

Shekara shida ke nan da likita ya ce tana da ciwon suga. A Jibin farko bayan nan ta raɗa mini wai tana tsoron kurɓa. Na yi mata dariya, na ce ɗan ɗigon nan ko kiyashi ba zai kayar ba. Ta ce ita dai likita ya hana. Sai na ware mata kofi ɗaya, ta kawo jan farce daga shagonta na kayan kwalliya muka ɗiga masa a baki. Wurinsa ramin da ke jikin mariƙin faranti na biyu. Dattijo Gilbert, wanda yake raba wa ɓangaren mata, ya san ya juya mata wannan gefen in ya iso benci na uku. Mu uku ne kawai muka sani.

Na cika shi na sa a raminsa. Ba don ita ba. Don kada Gilbert ya yi tambaya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Kafin a raba, Baba Pasto ya yi gargaɗin da ya saba: wanda ya san yana riƙe da wani a zuciya, ko ya san wani yana riƙe da shi bai je sun shirya ba, ya bar faranti ya wuce. Kullum ina jin wannan maganar kamar sanarwar sharar coci. Yau ta zauna mini a wuya.

Na bar faranti ya wuce. Karo na farko tun da aka yi mini baftisma. Duk watannin da bakina ya bushe ina ci ina sha, ina cewa ai ba da mutum nake rigima ba. Yanzu kam da mutum ne.

Bayan an tashi na kwashe kaya na kai famfon bayan coci. Abin da ya rage a gindin mangwaro nake zubarwa, haka na tarar ana yi. Kofi mai jan ɗigo ya dawo a cike.

Na daɗe ina kallonsa. To me ya hana ta? Ita ce ta yi laifi, ni ce mai fushi. Ko so take a ce ni na hana ta cin Jibi?

Da can ita ke riƙe tawul, ina wankewa tana gogewa, tana ba ni labarin kasuwa. Yau ni na wanke, ni na goge. Sai ƙarfe biyu na iso gida.

Talata, 11 ga Fabrairu

Dattijo Gilbert ya zo. Mutumin kirki ne, amma in zai faɗi magana sai ya zagaya da kai har Dukku. Ya tambayi Nehemiah da aikinsa a Jos, ya tambayi ƙafata, ya yaba yadda gwandar Elias ta yi 'ya'ya. Ya sha ruwa kofi biyu. Sannan ya ce dattawa sun ji wata magana daga wajen mata, suna tunanin ko zan so in ɗan huta da aikin Jibi, a ba wata ta riƙe.

Na ce, "Dattijo, da hannu nake wanke kofi, ba da baki ba. Wane wata ne kuka ga ƙasa a zoɓona?"

Ya ce ba wanda ya ce a cire ni, tambaya ce kawai. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne faranti ya wuce mutum biyu a ɓangarensa, kuma ya san su duka.

Bayan ya tafi na zauna a ɗakin aikin Elias na yi kuka. Babu wanda ya san Asabar ɗin Jibi ce take tashe ni daga gado. Sauran kwanakin wata jira ne. In aka karɓe wannan, me zan ce ina yi wa Allah? Me zan ce ina yi a duniya ma?

Ga abin da bakinta ya jawo. Ta karɓe mutuncina, yanzu za ta karɓe farantan mijina.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ban je Zumunta ba. Mako na biyar. Su yi addu'arsu su huta.

Asabar, 1 ga Maris

Zoɓo ya yi wuya a kasuwa, masu azumi sun kwashe. Saudatu ce ta sam mini daga nata.

Na tace, na juye suga a tukunyar gaba ɗaya, na gauraya. Ban ɗebi komai ba. Ba mantuwa ba ce, ina rubutawa don kada wata rana in yi wa kaina ƙarya. Na ɗauki kofi mai jan ɗigo na jefa a jakata. Ina da kofunan da suka rage, da na so da na cike ramin da wani. Na bar shi a buɗe don ta gani.

Lahadi, 2 ga Maris

Daga baya inda nake ina hango benci na uku sarai.

Gilbert ya iso wurinta, ya juya farantin kamar yadda ya saba, bai ma duba ba. Ta sunkuya ta kalli wurin mariƙin. Ta sake kallo. Ta ɗaga kai ta dubi Gilbert, shi ma ya dubi farantin. Ba ta waiwayo ba. Na shirya fuskata tsaf don in ta waiwayo, amma ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka sauka kamar an zare musu wani abu.

Kafin waƙar rufewa ta ɗauki jakarta ta fita ta ƙofar gefe.

Gilbert ya kawo mini farantan bakin famfo, ya ajiye, ya juya ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 3 ga Maris

Na ɗauka zan ji daɗi.

Lahadi, 16 ga Maris

Mako biyu wurinta babu kowa. An ce sujadar Turanci take zuwa da sassafe, ta fita kafin mu shigo. Ita da take cewa waƙar Turanci ba ta ratsa ta, sai an buga tulu ana waƙar Hausa take jin ta je coci.

Zafi ya fara. Wayata ta daina ƙara.

Asabar, 22 ga Maris

Shekara ɗaya cif.

Nehemiah ya kira da safe, ya ce Mama ki ci abinci. Daga coci ba wanda ya tuna, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da nasa mamacin. Na share ɗakin aikin, na shafa wa zartonsa mai. Na gwada durƙusawa. Gwiwa ta yi ciwo, shi ke nan abin da ya faru.

Wajen azahar Saudatu ta miƙo mini kula ta katanga. Ta ce wata ce ta kawo, ta roƙe ta kada ta faɗi ko wace ce. Na buɗe: sakwara da miyar agushi, da busasshen kifi, gishiri kaɗan kamar yadda ake yi wa Elias tun da hawan jini ya kama shi.

Matar nan da rashin faɗin suna.

Na ce ba zan ci ba. Na ci. Ina ci ina tuna asibiti. Kwana ashirin da ɗayan nan da nake ta ƙirgawa kamar ni kaɗai na yi su, shagonta a rufe yake. Ta ce sai ta taya ni azumi, da ciwonta da komai, a rana ta uku ta yanke jiki ta faɗi a baranda, sai da aka sa mata ruwa. Ta farfaɗo tana ba ni haƙuri wai ta karya mini azumi. Wannan duk ban rubuta shi a Janairu ba.

Amma dai ta yi abin da ta yi.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya Sallah. Saudatu ta shigo da tuwon shinkafa da kaza, ta zauna, abin da ba ta cika yi ba. Ta ga kular a wanke a kan tebur, ta tambaya ko ba a mayar wa mai ita ba. Na ce ai ba a san mai ita ba. Ta yi dariya.

Ta ce shekarar da mahaifiyarta ta rasu a Katsina ta yi wata biyar tana sallah jiki na yi, zuciya na wani wuri. Na ce to me ya dawo da ita? Ta ce ita ma ba ta sani ba, ta dai san yayarta ba ta bar ta ta zauna ita kaɗai ba, har haushinta take ji. Ta tashi tana gyara mayafi ta ce, "Da ku biyu nake yi wa 'ya'yana kwatance, Maman Nehemiah. Yanzu ban san me zan ce musu ba."

Lahadi, 6 ga Afrilu

Jiya na ɗebi nata kafin suga. Na mayar da kofin raminsa. Babu wanda zai gani, sujadar Turanci nasu farantan daban, wata ce ke haɗa musu. Ya je ya dawo a cike. Ni ma faranti ya wuce ni, wata na uku.

Ina zubarwa a gindin mangwaro Gilbert ya tsaya a bayana. Yau bai zagaya ba. Ya ce Maman Olaedo ta rubuto tana neman takardar canjin ikkilisiya, za ta koma wata coci a Barunde kusa da gidanta. Shi ne magatakarda, takardar tana hannunsa, dattawa za su sa hannu a makon Ista.

Na ce Allah ya sa alheri. Ya ce, "Mama, coci nawa take wucewa daga Barunde zuwa nan, shekara goma sha ɗaya? Ba don wa'azinmu ba ne."

Kofi ya suɓuce mini a famfo. Bai fashe ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

In ta tafi, wa ya rage da ya san yadda nake da can?

Talata, 15 ga Afrilu

Na ce kula zan mayar, ba kyau kayan mutane su daɗe a gidan wani. Na hau Keke zuwa shagon Nwakaego a babbar kasuwa.

Ta rame. Tana jera man shafawa a kanta, ta gan ni, ta ci gaba da jerawa. Ta ce Maman Nehemiah sannu da zuwa, kamar mai sayen hoda. Na ajiye kular na ce an gode. Ta ce ba ta san zancen ba. Ta turo mini kujera da ƙafa.

Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Abin da ya fito shi ne, me ya sa kika yi mini haka?

Ta ci gaba da jera kwalabe. Sannan ta ce ko na tuna abin da na faɗa mata Litinin ɗin ƙarshe kafin taron. Na ce a'a. Ta ce na ce in na kwanta ban tashi ba ma daidai ne. Na tuna. Na faɗa, ina naɗe tabarma, kamar zancen farashin tumatir.

"Wata huɗu ni kaɗai nake ɗauke da ke," ta ce. "Ina yi miki addu'a, ina yi wa kaina, ke kina kallon bango. Ranar da kika faɗi wannan, tsoro ya kama ni. Na ce a kama mini, na gaji. Na yi wauta. Da na yi shiru a kan kayan Jibi. Bakina ne, kin san shi. Na zo in faɗa miki, kika bar ni a rana."

Na ce ta san dattawa sun kusa karɓe aikina? Ta ce ta sani, ita ce ta je gidan Baba Pasto ta durƙusa ta ce in aka taɓa aikin nan kashe ni za a yi. Ban san wannan ba.

Na ce to me ya hana ta sha a Fabrairu, tun da kofin yana nan? Ta ce yaya za ta sha, ta san ina riƙe da ita?

"Ba sha nake zuwa yi ba. Dubawa nake yi. In na gan shi a wurinsa, na san ba ki yar da ni ba tukuna." Ta ajiye kwalbar da ke hannunta. "Abin da na yi miki, da bakina na yi, a gaban mata. Ke kuma da teburin Ubangiji kika rama."

Wata mata ta shigo neman turare, ta tashi ta sallame ta, ni kuma ina zaune kamar an dasa ni. Na so in ce ki yafe mini. Ya ƙi fitowa, kamar yadda addu'a take ƙi. Abin da na iya cewa shi ne jibi akwai Jibi.

Ta ce ta sani. Ta ce ba ta san ko za ta zo ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Jibin gobe na haɗaka ne, Hausa da Turanci, ƙarfe huɗu na yamma, kamar kowace Alhamis ɗin makon Ista. Mutum wajen ɗari huɗu. An kawo mini farantan 'yan Turanci, ni zan haɗa duka. Dattawa takwas za su raba, rabinsu ko sunanta ba su sani ba. Ba ɓangaren mata, ba na maza, kowa inda ya sami wuri.

Tun safe kofin yana hannuna. A wane faranti zan sa shi? Ba za ta zauna a benci na uku ba, wannan na sani. In na sa a na Gilbert ta zauna wani gefe, za ta duba ta ga babu, karo na biyu. In ta sake ganin babu, shi ke nan.

Tukunya biyu na kan wuta. Suga na nan a leda.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ban sa suga ba. Ko a tukunya ɗaya. In an tambaya zan ce tsufa ne.

Sai da aka fara waƙa ta biyu ta shigo. Ta zauna can ƙarshe bakin ƙofar gefe, cikin 'yan Turanci, nesa da Gilbert kamar yadda na zata. Baba Pasto ya yi gargaɗinsa da harshe biyu.

Faranti ya iso ni. Na Elias ne, na gane shi da ɗan tabon da ke gefe. Ban yanke wata shawara ba, hannuna ne ya ɗauka. Na ɗaga ido, ashe tana kallona tun daga can. Da nata farantin ya iso, ta sunkuya ta duba wurin mariƙi, babu jan ɗigo, na ga ta tsaya. Sai ta sake kallon kofin da ke hannuna, ta ɗauki ɗaya.

Aka ci gurasa. Baba Pasto ya ɗaga kofi ya ce mu sha tare.

Fuska ɗari huɗu suka yamutse a lokaci guda. Wani tsoho ya yi tari. Baba Pasto ya haɗiye, ya ƙifta ido sau biyu, ya riƙe bagadi. Ni kuwa har kunnena na ji shi. Tsami kamar ɗanyar tsamiya. Shekara shida ina ba ta wannan abin, ban taɓa ɗanɗanawa ba, ba ta kuma taɓa cewa komai ba.

Ita kaɗai ce fuskarta ba ta motsa ba. Ta sauke kofin, ta dubi na damanta, ta dubi na hagunta, ta ga yadda kowa ke matse baki. Sai ta rufe fuska da ɗankwali. Ban san ko dariya take ko kuka ba. Da aka ce a runtse ido na runtse, na ce ga ni. Iyakar abin da na ce ke nan, ba zan kira shi addu'a ba.

Ina bakin famfo, kofuna ɗari huɗu a gabana, sai na ji an zare tawul daga kafaɗata.

"Maman Nehemiah, mutum ɗari huɗu kika ɗura wa maganina."

Na ce mantuwa ce. Ta ce ƙarya a ranar Jibi? Na ce ta goge da kyau, tana barin ruwa a gindi. Muka wanke wajen kofi ɗari. Can na ce da bai kamata in bar ramin nan a buɗe ba, idona na kan kumfa. Ta ce da bai kamata ta miƙe a taron nan ba. Ta miƙo hannu na ba ta na gaba.

Gilbert ya zo da ambulan, ya tsaya yana gyaran murya, ya ce takardar ta kammala. Ta ɗaga masa hannayenta ta ce a jiƙe suke, ya ajiye tukuna. Bai tambayi sai yaushe ba. Ya ce dattawa suna roƙon a tuna da suga wata mai zuwa.

Ba ta ce ta fasa tafiya ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dai ce Litinin za ta zo. Na ce ta zo, amma kada ta sa ran zan buɗe baki. Ta ce ita za ta yi maganar, ni in ce amin in na ga dama.

Da na dawo na fito da tabarmar daga bayan ƙofa na kakkaɓe, na shanya a igiya. Ta daɗe a naɗe ne kawai.